Amsa: Me ya sa ake hana kamun kifin najil a Jidda?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa hanin ya shafe ka, alhali da ƙugiya ɗaya kake fita don nishaɗi. Wallahi akwai dalili. Najil da taradi, wani kifi mai kama da shi, kan taru wuri guda a kan murjani lokacin zubar da ƙwai, wajen Afrilu da Mayu, shi ya sa Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma ta Saudiyya ke rufe kamunsu a Bahar Maliya. Ƙugiyarka ɗaya ce, gaskiya, amma ku nawa ne a Ubhur, bakin tekun arewacin Jidda, ranar Juma'a? Ga shi najil da mace yake farawa, sai ya girma wasu su koma maza, don haka kwashe manyan na rage mazan. In ya kamu lokacin hani, zare ƙugiyar a hankali, ka mayar da shi ruwa nan take.