Amsa ga Alhaji kan ciyawar da ta fito bayan garke

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Alhaji, na ga hoton da ka turo, na kuma ji tambayarka, ko gaskiya ne wannan ciyawa ta bayan garkenka tana kashe dabba, tunda awakinka wuce ta suke yi ba sa ko kallonta. To ranka ya daɗe, wannan zaƙami ne, babu tantama. Ga farin furen nan mai kama da kakaki, ga 'ya'yan masu ƙaya kamar bushiya ta dunƙule. Wasu haukata-yaro suke ce masa. Yana son juji da tsohon turke, duk inda taki ya yi yawa, shi ya sa ya zaɓi bayan garkenka.

Abin da ya sa awaki ke wuce shi, ɗanyensa wari gare shi, ga ɗaci. Inda ake cutuwa shi ne in ya bushe. Yaro ya je yankan ciyawa, ko ana tattara harawa, a haɗo da shi a ɗaure a ɗora kan rumfa. Warin ya tafi, amma dafin yana nan yadda yake, bushewa ba ta kashe shi. Sai bazara ta yi, babu ɗanyen ganye ko'ina, kai da hannunka ka sauke damin ka zuba wa dabba. Haka ma in 'ya'yansa suka shiga hatsi ko dusa, don a cikin 'ya'yan dafin ya fi taruwa.

In dabba ta ci za ka ga ta daina tuƙa, ciki ya kumbura, baki ya bushe, baƙin ido ya buɗe, tana haki tana tangaɗi. Doki da jaki kuwa hanji ne ke tsaya musu, su yi ta birgima saboda ciwon ciki. Ka janye abincin nan take, ka kai ta inuwa, ka kira likitan dabbobi. Don Allah kada a yi wa dabbar da ke tangaɗi ɗure, sai abin ya bi ta huhu.

Amma wallahi Alhaji, yara ne suka fi damuna a kan dabbobin. Na ga wannan da idona. Wani yaron unguwarmu, bai fi shekara 16 ba, abokai suka zuba masa a zoɓo a wajen biki, wai wasa. Da aka kawo shi gida jikinsa zafi rau, amma babu ɗigon gumi ko ɗaya. Yana ta miƙa hannu yana tsintar abin da babu a iska, yana tuɓe riga, mahaifiyarsa na kiran sunansa bai gane ta ba. Mutane suka ce iska ce, har an fara neman igiya. Allah ya sa wani dattijo ya dubi idonsa ya ce a tafi asibiti. Fitsari ma sai da aka sa masa roba ya fita. Ya warke, amma ya yi kwanaki yana gani dishi-dishi.

Sinadaran da ke ciki, likitoci na kiransu atirofin da sikofolamin, su ne ke busar da yawu da gumi, su sa zuciya gudu, su rikita ƙwaƙwalwa. Kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne daga wannan tushe zuwa wancan, shi ya sa mai cewa ya san gwargwadon da ba ya illa yaudarar kansa yake yi. A Yuganda, yankin Karamoja, a 2019, 'ya'yan irin wannan tsiro suka gauraya da garin kunu na agaji, kusan mutum 300 suka kwanta, 5 suka rasu. Su ba su ma san sun ci ba.

Saboda haka in ya faru da mutum, kada a ɗaure shi, kada a doke shi, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. A jiƙa zane a shafa masa a jiki don zafin ya sauka, a wuce asibiti, a tafi da ganyen ko ragowar abin da ya sha don likita ya gani.

Naka kuwa Alhaji, a hoton na ga 'ya'yan ba su fashe ba tukuna, to a tuge shi cikin satin nan, har saiwa. In suka fashe irin yana yin shekaru a ƙasa yana dawowa. Babba ya yi aikin, ba yara ba, ya sa leda a hannu, kada ya taɓa ido sai ya wanke da sabulu. A haƙa rami mai zurfi a binne, in kuma ƙonawa za a yi a tsaya nesa da hayaƙin. Sannan ka sa a kwance damin ciyawar da aka yanko daga wajen nan a duba. In ka ga abin da ba ka gane ba, ɗauko hoto ka turo mini.