Tambaya da Amsa: Sayen bindigar da aka daina ƙerawa don ajiya da riba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lasisin bindigar farauta. Wani dillali ya nuna mini doguwar bindiga, ya ce kamfanin ya daina ƙera irinta, wai in na saya na ajiye, nan da 'yan shekaru kuɗinta zai ninka. Haka abin yake? Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daina ƙera bindiga shi kaɗai ba ya sa ta yi tsada. Da yawa an daina su ne don ba a sayensu, kuma abin da aka ƙi yana sabo ba a cika rububinsa ba in ya tsufa. Wadda ke yin daraja ita ce wadda mutane ke so, aka daina ta ko aka rage mata inganci, suka shiga neman ta da.

Babban misali shi ne Winchester Model 70 ta Amurka, wadda ta fito a 1936. A 1964 kamfanin ya sake mata tsari don rage kuɗin ƙira: ya cire babbar ƙugiyar da ke kama harsashi tun daga rumbu ta kai shi cikin bututu, kuma zanen riƙon ƙota da ake sassaƙawa ya koma na dannawa da inji. Mafarauta ba su ji daɗi ba, shi ya sa har yau ta kafin 1964 ke da kasuwarta daban. Lambar jikinta za ta gaya maka: tsofaffin sun tsaya a wajen 581,000, sababbin suka fara daga 700,000. Haka nan bindigogin kamfanin Marlin. Kamfanin Remington ya sayi Marlin a 2007, ya rufe tsohuwar masana'antar ya kwashe aikin zuwa wani wuri, sai masu saye suka koma neman mai tambarin JM a gindin bututu, alamar ƙirar tsohon gida.

Amma ka sani, abin da aka daina yana iya dawowa. An rufe masana'antar Winchester ta New Haven a 2006, mutane suka yi ta saye suna ɓoyewa, sai ga Model 70 ta dawo a 2008, Model 94, wata bindigar Winchester, ita ma ta dawo daga masana'antar Miroku ta Japan. Marlin kuwa kamfanin Ruger ya saye sunan a 2020, ya ci gaba da ƙira. Wanda ya saya lokacin da kasuwa ta yi zafi don kawai "ba za a ƙara yi ba", shi ya fi jin jiki. Ka kuma yi hattara da masu ado na tunawa da wani biki. Winchester Centennial ta 1966 an ƙera fiye da dubu 100, kusan kowa ya ajiye tasa a kwali, don haka ba ta yi ƙaranci ba.

In ka je duba ta, fara tabbatar da babu harsashi a ciki, sannan ka fitar da ita haske. Masu tara bindiga asali suke saye, ba ƙyalli ba. Wadda baƙin rininta na masana'anta ya ɗan koɗe a bakin bututu da inda hannu ke riƙewa ta fi wadda aka goge aka sake rinawa daraja nesa ba kusa ba. Gane sabon rini ba wuya: shafa rubutun da ke jikin bututu, na asali gefensa da kaifi, wanda aka goge kuwa haruffan sun kwanta, bakin ramukan kusoshi ya lotsa kamar ɗan faranti. Duba saman ƙarfen ko an huda ƙarin ramuka don ɗaura madubin hange, domin rami ɗaya da ba na masana'anta ba yana karya farashi, kuma ba ya gyaruwa. Duba ƙota ko an yanke ta an liƙa roba a gindi, da tsaga a bayan sakata (ƙarfen da ke tura harsashi ya rufe bayan bututu), inda katako ke shan bugu. Daga nan ka cire sakata ka leƙa bututu ta baya: zaren ciki, wato layukan da suka murɗa a cikin bututun, ya fito sarai, ba ramukan tsatsa, musamman a maƙogwaro inda wuta ke fara ci. Ma'aunin zaman harsashi a ɗakinsa kuwa aikin maƙerin bindiga ne mai kayan awo, kada ka harba tsohuwa sai ya auna.

Lambar jikinta dole ta dace da takardunta, kuma cinikin ya bi ta hannun dillali mai rajista bisa dokar ƙasarka. Wadda aka kankare lambarta, ko da kyauta ce, ka bar ta.

Tambaya: Na ga wata mai kyau da araha, amma an ce harsashinta ma an daina yi. Wannan zai ƙara mata daraja?

Amsa: Sau da yawa rage mata masu saye yake yi. Remington 591 da 592 suna cin harsashin 5mm, aka daina harsashin a farkon shekarun 1980, bindigogin suka zauna ba amfani sai a 2008 da wani kamfani ya sake fitar da shi. Inda abin ke juyawa shi ne in samfurin kansa ana nemansa, kuma kaɗan aka ƙera a wannan ma'aunin. A nan kuma jabu ke yawa, don ana sauya bututu a sake buga rubutu. Ga wasu tsofaffin Winchester da Marlin, gidan tarihin bindigogi na Cody a jihar Wyoming yana ba da wasiƙar da ke nuna yadda bindiga ta bar masana'anta.

Tambaya: In na saya, yaya zan ajiye ta, kuma yaya zan lissafa riba?

Amsa: Tsatsa ce babbar abokiyar gaba. Ajiye ta a akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi a wani wuri daban, laimar ciki kada ta wuce wajen kashi 50, ka sa buhunan shanye danshi kana sauyawa. Kada ta kwana a jakar fata ko ta soso, suna riƙe gumi. Goge ƙarfe da mai kaɗan bayan kowane taɓi, don gishirin yatsa yana barin tabo, kuma ka jingine ta baki ƙasa don mai kada ya gangara ya jiƙa katako ya ruɓar da shi. Kada takardar yashi ta goge ƙarfe ko fenti su kusance ta. Kwali, littafi da rasit duk a adana. In sabuwa ce fil ba a taɓa harbawa ba, harbi ɗaya ya fitar da ita daga wannan ajin.

Wajen lissafi, duba farashin da aka sayar a gwanjo, ba wanda ake tallatawa ba. A ce ka saya a 100, bayan shekara biyar ta kai 130. Cire kason dillali ko gidan gwanjo, kuɗin sabunta lasisi na shekara biyar, da abin da tsadar rayuwa ta cinye, ka ga abin da ya rage kafin ka miƙa kuɗinka.