Zaɓen kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin farashi

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka tambaya wace kwamfuta ta dace ka saya da matsakaicin kuɗi domin rubutu, bincike a intanet da aikin ofis.

A ganina kada sunan kamfani ya ɗauke maka hankali, ka fara duba RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Gigabait 8 zai yi aiki, amma da zarar ka buɗe shafuka da yawa tare da Word da Excel za ka ga tana nawa, saboda haka 16 ya fi, musamman da yake a kwamfutoci da dama na yanzu manne RAM ɗin ake yi, ba ya ƙaruwa daga baya. Ma'ajiyar fayiloli kuwa ta zama SSD (nau'in ma'ajiya mai sauri) mai gigabait 512 idan da hali.

Game da furosesa, wato injin da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, Intel Core i5 ko AMD Ryzen 5 ya wadatar, sai dai ka lura da shekarar fitowarsa, domin sau da yawa sabon i5 ya fi tsohon i7 sauri. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin Intel Core da suka gaza zubi (generation) na 8. Fuskar kwamfutar kuwa ta kai 1920 × 1080 domin rubutu ya fito tas.