Amsa ga Malama mai aji 2: yadda za ki raba makonki

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce an danƙa miki aji 2 na firamare, yara sun haura 70, da yawansu ba su rarrabe baƙi da wasali, kina neman yadda za ki tsara mako.

Ranar Litinin kada ki yi gaggawar bin manhaja. Ki gwada kowane yaro ki ga inda ya tsaya: harafi, gaɓa, kalma ko jimla. Sai ki kasa su rukuni-rukuni gwargwadon abin da suka iya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da wannan dabara, an kuma yi aiki da ita a Borno da Kano.

Talata zuwa Alhamis, karatu ya zo da sassafe, kafin rana ta take, yunwa ta fara cin su. Baƙi ɗaya ya wadatar a rana. In "k" ne, ku haɗa ka, ke, ki, ko, ku, suna tafi a kan kowace gaɓa, sannan su gina kaka, keke, kuka. Wanda ba shi da littafi ya zana a ƙasa da tsinke, ba abin kunya ba ne. Lissafi kuwa, murafun kwalba da 'ya'yan tsamiya sun fi dogon bayani a allo. Ku ɗaure tsinkaye goma-goma da kyauro, nan da nan za su gane gomomi.

Juma'a ana tashi da wuri saboda masallaci, sabon darasi ba ya zama. Bita kawai, da tatsuniya ɗaya su maimaita da bakinsu. Wanda ya ci gaba ki mayar da shi rukunin gaba kafin Litinin.