Hukuncin gyaran injin babur a wurin dila da biyan ladan aikin

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi sabon babur ƙirar Boxer a wurin wani dila, aka ba ni takardar garanti. Da lokacin sabis ya yi na mayar musu da shi, na kuma roƙi a saita mini kabireta don ya rage shan mai, amma ba mu yi maganar kuɗi ba. Da na koma ɗauka sai aka ce an buɗe injin an sauya zobban fistan (zobban ƙarfe da ke can cikin inji) da fulogi, aka kawo mini lissafin da ban yi tsammani ba. Na ba da wani abu na tafi, ba a jima ba injin ya fara zafi har bawul (ƙarfen da ke buɗe ko rufe hanyar mai da hayaƙi a cikin inji) ya ƙone. Yanzu babur yana hannunsu, sun ce garanti bai shafi wannan ba, kuma ba za su sake shi ba sai na cika kuɗi. Shin wajibi ne in biya, kuma asarar injin a kan wa take?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Abin da ya gudana tsakaninka da dilan nan ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki da lada, kuma sharaɗin ingancinta shi ne a san aikin a san ladansa tun kafin a fara. Wannan sharaɗi kuka bari ku duka biyu, daga nan ne kuma rigimar ta samo asali. Sai dai rashin yanke lada ba ya mayar da aikin kyauta. Malamai sun ce a irin wannan hali ana komawa ga ujratul misli, wato abin da kanikawan garinku suka saba karɓa a kan irin wannan aiki, ba abin da dila ya ga dama ya rubuta ba, ba kuma abin da mai babur ya ga dama ya miƙa ba. Saboda haka kuɗin baƙin mai da na sabis da na saitin da ka nema bashi ne a wuyanka, sai fa idan takardar garanti ta ce wannan sabis ɗin kyauta ne. Bukhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, sannan ya hana shi ladansa.

Maganar zobban fistan daban take. Al'ada abin hukunci ce a shari'a, kuma duk mai babur ya san cewa idan aka ce sabis ana nufin juye baƙin mai, da duba fulogi, da wanke matatar iska, da ɗaure sarƙa, da gyara birki. Fulogi abu ne mai araha da ake sauyawa a sabis ba tare da dogon zance ba, don haka ina ganin ka biya kuɗinsa. Amma kwance kan inji a sauya zobba a sabon babur ba ya cikin abin da kalmar sabis take ɗauka, balle a zamanin da kowa yake da waya a aljihunsa. Idan sun yarda ba su nemi izininka ba, to sun yi tasarrufi a dukiyar wani ba da yardarsa ba, Allah kuwa ya hana cin dukiyar juna da ɓarna face ta kasuwanci bisa yardatayya, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 29. Ba su da ikon tilasta maka biyan ladan wannan aiki. Idan kuma zobban sun lalace ne saboda aibin da babur ya zo da shi, ai wannan shi ne ainihin abin da aka yi garanti dominsa, kuma garanti sharaɗi ne a cikin ciniki, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Amma ka lura, idan suka ce kai ka ba da izini, kai kuma ka musa, babu shaida, to a mazhabar Malikiyya ana karɓar maganar mai sana'a tare da rantsuwarsa, matuƙar abin da ya faɗa ya yi kama da gaskiya a wurin masana aikin.

Sai batun ƙonewar bawul, wanda shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu babura da yawa suke zuwa wurin kanikawa a matse musu kabireta. Abin da yake faruwa shi ne, kabireta tana gauraya mai da iska ne bisa wani ma'auni, idan aka rage mai fiye da kima sai wutar da ke cikin inji ta ƙara zafi, babur kuwa irin naka iska ce kawai take sanyaya shi. Gogaggen bakanike yana gane haka da ya zare fulogi, domin bakinsa yakan fito fari ƙal maimakon ruwan ƙasa, kamar yadda yake fitowa baƙi ƙirin idan mai ya yi yawa. Wannan ilimi ne da ake tsammaninsa daga wanda ya buɗe wurin gyara, ba daga wanda ya kawo babur ba.

Asali a shari'a ma'aikaci amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai da sakaci. To amma Imamu Malik da almajiransa sun ware masu sana'a waɗanda suka kafa kansu don yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki da marini da maƙeri, suka ɗora musu lamuni, wato biyan abin da ya lalace a hannunsu, saboda kare dukiyar mutane. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa masu sana'a suna lamuncewar abin da suka keɓanta da shi ba a gaban mai shi ba, ko da lada suka yi aikin ko ba da lada ba. Wurin gyara na dila ya shiga wannan hukunci kai tsaye, domin babur ya kwana a hannunsu ba a gaban idonka ba. Don haka idan ka ce musu kawai a rage masa shan mai, suka matse har ya wuce ƙa'ida ba su gargaɗe ka ba, kuma masana suka tabbatar wannan ne ya ƙona bawul, to gyaran a kansu yake, kuma ba daidai ba ne su fake da cewa saiti ya ɓata garanti alhali da hannunsu aka yi saitin. Idan kuwa sun bayyana maka haɗarin ka nace, ko ka kai wa wani bakanike ya taɓa bayan ka ɗauka, ko ka ci gaba da ɗora masa lodi kana jin yana zafi, to asarar taka ce gwargwadon abin da ka jawo.

Riƙe babur ya halatta gare su har ka biya abin da ya tabbata haƙƙinsu ne, amma bai halatta su riƙe shi a kan kuɗin da shari'a ba ta tabbatar musu ba, musamman idan da shi kake neman abinci.

Game da amincewa da dila, babu laifi a ciki, sau da yawa ma sun fi kanikawan bakin titi samun kayan gyara na asali. Amma neman a rubuta maka lissafi, da cewa a kira ka kafin a sauya wani abu, da karɓar tsoffin kayan da aka cire, duk ba munana zato ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, kuma sahabbai aka fara yi wa umarnin. Tsoffin kayan ma mallakarka ne, sai idan garanti ne ya biya sababbin. Dilan da ya rubuta kuɗin kayan asali ya sa jabu, ko ya ce ya sauya abin da bai sauya ba, ya faɗa cikin hadisin Muslim da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ku zaɓi wani bakanike amintacce wanda ba shi da alaƙa da ɗayanku, ya duba fulogi da bawul da tsoffin zobban a gabanku, ku kuma amince tun farko za ku karɓi abin da ya faɗa. Ka biya abin da ya tabbata a kanka nan take, kada ka jingina shi da sauran rigimar. Idan suka ƙi, kana da damar kai ƙara ga shugabannin ƙungiyar kanikawa ko ofishin Hisba don sulhu, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ko kotu, ka tafi da rasit da takardar garanti, domin na ji ɓangarenka ne kawai, alƙali kuwa sai ya ji daga gare su kafin ya yanke.

Wallahu a'alamu.