Ƙanina, ajiye ƙamus ɗin nan tukuna

Saƙonka na uku ke nan cikin wata guda, wai in turo maka manyan kalmomin Turanci ka haddace kafin ka taho digiri na biyu. Ka ce kullum bayan asuba kana haddace ashirin daga ƙamus. Sannu da ƙoƙari. Ni ma haka na yi a Jekadafari, na cika littafi guda da kalmomin da sai ka ja numfashi kafin ka furta su. Shekara shida ke nan ina Leeds a Ingila, ko ɗaya ban taɓa ji a bakin direban bas ba.

Ƙananan kalmomi ne suka ba ni kunya. Satin farko da na fara aiki a gidan kula da tsofaffi, wata tsohuwa ta tambaye ni "tea" da ƙarfe biyar na yamma. Na ruga na haɗo mata shayi da madara, har da ɗan biskit a gefe. Ta kalli kofin, ta kalle ni. Ashe a arewacin Ingila abincin dare ake nufi, "dinner" kuma a wurin su abincin rana ne. Abokan aiki suka yi wata guda suna tsokanata da wannan, ni da na ci maki 7 a IELTS, jarrabawar Turancin da jami'o'in nan ke nema. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

In an ce maka "you alright?" gaisuwa ce kawai, kamar ina gajiya. Ni kuwa tsayawa na yi ina bayanin murar da ke damuna. Mai shago ya karɓi kuɗina ya ce "ta", na yi tsaye ina jira in ji ta yi me, ashe godiya yake yi.

Turancinmu na gida ma zai yi maka ƙafar ungulu. Wani ya yi tuntuɓe ka ce masa "sorry" da nufin sannu, sai ya ce ai ba laifinka ba ne. Ka ce "I'm coming" ka fice, su yi ta kallonka. Kuma kul ka yabi "pants" ɗin kowa, a nan ɗan kamfai ne.

Jarrabawar IELTS dai ka shirya mata: sauraro, karatu, rubutu da magana. Jami'o'i da yawa 6.5 suke nema, kuma shekara biyu kacal sakamakon yake aiki, don haka kada ka yi gaggawar rubutawa kuɗin makaranta bai haɗu ba.

Ba zan turo jerin kalmomi ba. Bayan ka gama jin labaran BBC Hausa, ka koma tasharsu ta Turanci inda mutane ke bugo waya suna musu kan ƙwallo da tsadar wuta. Duk kalmar da ta wuce ka, rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki, ka turo mini ranar Lahadi, ita ce ranar da ba na aiki. Ka gaida Inna, ka ce mata kilishin ya iso.