Kafin ka ɗauki sifana, auna man da motar ke sha

Ka tambaye ni yadda za ka tabbatar in direba ya ce motarsa na shan mai, da yadda za ka faɗa masa abin da take ci masa a tafiya, har da yawan hayaƙin da take fitarwa. To saurara, yarona. Amsar duka ukun daga lamba ɗaya take fitowa: lita nawa motar ke sha a kilomita 100. In ba ka da wannan lambar, duk abin da ka kwance a injin lalube ne kawai.

Kada ka dogara da allurar tanki. A motoci da yawa takan daɗe a sama, tana wuce rabi sai ta zube da sauri, domin tankin ba faɗinsa ɗaya ba daga sama har ƙasa. Ku je gidan mai tare da direban, a cika tanki har bakin famfon ya tsaya da kansa, kada a ƙara ko ɗigo. Rubuta lambar da ke kan mitar tafiya. Ya je ya yi aikinsa kamar kullum, aƙalla kilomita 300, sannan ya dawo wannan famfon a sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita motar ta sha. Man galan na 'yan bumburutu ba ya shiga wannan awo, don ba ka san lita nawa ke ciki ba.

Mu ce ta yi kilomita 400, ta ɗauki lita 36. Raba 36 da 400, ka ninka da 100: lita 9 ke nan a kilomita 100. A maimaita sau biyu ko uku, saboda tafiyar hanya daban take da cunkoson cikin gari.

Ga inda yara da yawa ke faɗawa rami. Motocin da aka shigo da su daga Amurka mitarsu mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wannan tafiyar ta kilomita 400 mitar za ta nuna 250 ne kawai. In ka raba 36 da 250 ka ninka da 100 za ka samu sama da lita 14, sai ka kama kwance lafiyayyen inji. Duba ƙasan lambar tukuna, ka ga ko mil take ƙirgawa ko kilomita. Haka ma in an sa tayar da ta fi ta asali girma, mitar za ta riƙa ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi.

In awo ya nuna da gaske tana sha, fara da mai arha. Auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, ka gwada da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Ciro matatar iska ka ɗaga ta a rana. In haske bai ratsa ba, ƙura ta toshe ta, musamman lokacin hunturu. Taɓa kowace ƙafa bayan tafiya, wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa. Kwance fulogi: in bakinsa ya yi baƙi da busasshen kunkunniya, mai ya fi iska yawa. Daga nan sai ka nemi tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin. Ɗabi'ar cire shi da haɗa fanka kai tsaye tana ɓata mini rai, domin an ƙera injin ya yi aiki a zafin kusan digiri 90. In bai kai ba, kwamfutar motar na ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Na'urar da ke shinshinar iskar salansa ma in ta mutu, haka take jawowa.

Kuɗin tafiya kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka yi aiki da na ranar. Don sauƙin lissafi mu ce lita naira 1,000 ce: lita 9 naira 9,000, wato naira 90 a kowace kilomita. Direbobi a nan suke tsayawa, shi ya sa ranar sayen taya take zo musu kamar gobara. In juyen baƙin mai da filta ya ci naira 30,000 duk kilomita 5,000, naira 6 ke nan. In taya huɗu naira 200,000 ne kuma suka yi kilomita 40,000, naira 5. Haka za ka yi wa birki da batir da takardun shekara, ka tara.

Hayaƙin da ake magana a kai ba baƙin nan da ido ke gani ba ne. Iskar kabon ce mai ɗumama duniya, ba ta da launi, kuma ko injin da ya fi kowane lafiya yana fitar da ita. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana ba da kusan kilo 2.3, ta dizal kusan kilo 2.7. Za ka ce yaya litar da ba ta kai kilo ɗaya ba za ta haifi fiye da kilo biyu? Kabon ɗin cikin man ne ke haɗuwa da iskar da injin ya zuƙo, nauyin ya ƙaru. Daga Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. Motar nan za ta sha lita 21, ta saki kusan kilo 48, kamar nauyin buhun siminti. Kada ka ce wa mai mota indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, tana rage wannan. Aikinta rage gubar da ke cutar da huhu ne, shi ya sa ba a cire ta, amma kabon sai an rage litar da ake ƙonawa yake raguwa.

Bayan ka gama gyara, a sake cika tanki a wannan famfon, a bi hanyar da aka bi da farko, ka rubuta sabuwar lambar kusa da tsohuwar ka nuna wa direban.